Gawo ko Kauci: Wane Irin Baƙi Ne Mu?

 

A wannan makon mun mayar da sanarwar ɗaurin aure da lissafin kuɗin gyaran rijiya shafin baya, saboda wata magana da ta taso ranar Juma'ar da ta wuce, wadda muke ganin bai kamata ta mutu a gindin darbejiyar ƙofar masallaci ba. Waɗanda suke wurin sun ji da kunnensu. Waɗanda ba sa nan, musamman iyayenmu mata da ke cikin gida, ga yadda aka yi.

Bayan an sallame ana gaggaisawa, sai wata babbar mota ta wuce ta nufi Mokwa, an lafta mata buhunan gawayi har tana rangaji. Wani dattijo daga cikinmu, wanda ya haura shekara arba'in a garin nan yana sayen kayan gona, ya bi ta da kallo har ta ɓace, sannan ya ce, "Kun ga motar nan? Rabin kayanta kaɗanya ce." Ya ce a daminar bana wata tsohuwa 'yar gari, wadda ya daɗe yana sayen ƙwarar kaɗe a hannunta, ta zo rumfarsa da abin da bai kai rabin wanda ta saba kawowa ba. Da ya tambaye ta ko jiki ne ya ƙi, sai ta ce, "Alhaji, jiki da sauƙi. Itatuwan da nake tsinta a ƙarƙashinsu tun ina amarya ne na je na tarar da kututture. Yaranmu ke sarewa, mutanenku ke saye. Ranar da suka ƙare, me zan kawo maka?"

Wani matashi mai harkar gawayi, yaro mai ladabi da kowa ya sani da riƙon amana, ya ce, "Baba, Allah ya huci zuciyarka, amma mu fa ba mu riƙe gatari ba. An kawo kaya, mun taya, an sallama, mun biya. Ina laifi a nan? Kuma ai haka Allah ya tsara duniya. Babban kifi yana cin ƙarami, zaki yana cin gwanki, ba a taɓa kai zaki gaban alƙali ba." Aka yi dariya aka watse. Dattijon dai bai yi dariya ba, mu ma da muka koma gida maganar ta ƙi barin ranmu.

Ba fatawa za mu bayar ba, wannan aikin malamai ne. Tambayar da muke so mu juya tare ita ce: tunda kowane mai rai da wani mai rai yake rayuwa, ina iyakar da ke tsakanin cin da zaman tare ya yarda da shi da cin da ke ƙarar da wanda ake ci? Kuma tunda ɗan'uwanmu da daji ya kafa hujja, sai mu bi shi dajin mu ji ko zai ba shi gaskiya.

Dajin kuwa ga shi a bayan gida. Gandun dajin Zugurma, wanda aka haɗa da na Borgu a ƙarshen shekarun 1970 suka zama gandun daji na ƙasa na Tafkin Kainji, ya kai murabba'in kilomita kusan 1,370, gaba ɗayan gandun kuma ya haura 5,300. To, a cikinsa maganar yaron nan tana da ƙamshin gaskiya. Ciyawa da itace suna haɗa abincinsu daga hasken rana da ruwa da iska. Gwanki da gada da fara suna cin ciyawa. Zaki da damisa suna cin gwanki da gada, ƙadangare yana cin fara, shaho yana cin ƙadangare. Wanda ya mutu, ungulu da kura su share gawarsa, gara da sauran ƙwarin ƙasa su ƙarasa abin da ya saura, ya koma taki, ciyawa ta sake tashi a kansa. Babu mai zaman kansa, kuma babu abin kunya a cikin ci. Mu ma da gumin manomi muke ci, shi ma da jarinmu yake sayen taki. Har nan babu gardama.

Amma akwai lissafi a cikin wannan sarƙa, kuma mu 'yan kasuwa ya kamata mu fi kowa gane shi. Masana sun auna sun ce, a kimance, kashi ɗaya ne kawai cikin goma na ƙarfin abinci ke haurawa daga mataki zuwa na samansa, sauran yana ƙonewa a numfashi da yawo da ɗumin jiki. A bakinmu na 'yan awo, kamar a ce mudu dubu na ciyawa ya ba da mudu ɗari na gwanki, mudu ɗarin nan kuma ya ba da mudu goma na zaki. Shi ya sa ciyawa ta fi gwanki yawa, gwanki ya fi zaki yawa. Na sama a kan na ƙasa yake tsaye. Idan gwanki ya yi ƙaranci, zakanya ba ta samun nonon shayar da 'ya'yanta, sai zakuna su ragu. Yau a duk faɗin Najeriya wurare biyu ne kawai aka san zakunan daji sun saura, nan Kainji da Yankari ta jihar Bauchi, su ma 'yan kaɗan. Sarkin dawa da kansa bai fi ƙarfin wannan lissafi ba.

Ga kuma abin da ɗan'uwanmu ya manta. Zaki idan ya kama gwanki ɗaya ya ƙoshi, sai ya nemi inuwa ya kwanta, garke ya wuce ta gabansa bai ɗaga kai ba. Ba shi da sito, ba shi da babbar mota, ba shi da dillali a Ikko da ke bugo masa waya yana cewa a ƙaro. Cikinsa shi ne iyakarsa. Mu kuwa aljihu muke ci da shi, shi kuma aljihu ba ya cewa ya ƙoshi. Saboda haka wanda zai ari hujjar zaki, sai ya ari ƙoshin zaki tare da ita.

Sannan ba duk zaman daji ne na kama-ka-cinye ba. Idan muka lura, zaman halittu da junansu iri-iri ne, kuma kowane iri muna da shi a gonakinmu.

Akwai zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka. Ku tuge wake ko gyaɗa mai lafiya ku duba saiwar, za ku ga wasu 'yan ƙulle-ƙulle kamar ƙwayar dawa. A cikinsu wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani suke zaune. Wake yana ba su masauki da abinci, su kuma suna kamo sinadarin naitirojin daga iska, irin wanda muke saya da tsada a buhun yuriya, su ba shi. Kakanninmu ba su san sunan abin ba, amma sun san dalilin sa wake a tsakanin dawa, sun san gonar da ta ci gyaɗa bara tana yi wa hatsi kyau bana. Haka kaɗanya da ƙudan zuma. Da rani idan ta yi fure, ƙuda yana zuwa shan zaƙi, garin furen ya manne masa, ya kai wa wata kaɗanyar, da haka take ɗaukar 'ya'ya. Ɗorawa kuwa da kuka, da dare jemage ke yi musu wannan aiki. Wato jemagen da yara ke jifa da gwafa yana da hannu a daddawar miyarmu. Wanda ya cinna wa zuma wuta ya ƙone ta duka don ya kwashi saƙa, ko ya yi feshin maganin ƙwari ba kan gado lokacin da itatuwa ke fure, ya taɓa kaɗen baɗi ko da bai sani ba.

A wannan sahun babu kamar gawo, kuma mu da muka fito daga Katsina da Kano da Maraɗi da Damagaram mun san shi. Duk itace da damina yake ganye, shi kuwa da damina yake zubar da nasa. Lokacin da gero ke neman rana, gawo ya tsaya tsirara ya bar masa rana, ganyen da ya zubar ya zama taki. Da rani da komai ya bushe, sai ya yi kore shar, saiwarsa ta nutsa can ƙasa inda ta gero ba ta kaiwa, ya ba shanu inuwa da 'ya'yan da za su ci, su kuma su bar kashinsu a gindinsa, su tafi da irinsa a cikinsu su shuka shi a wani wuri. Gawo yana ci daga gonar, babu shakka. Amma ya tsara cinsa yadda ba zai yi karo da na mai gida ba. Shi ya sa manomi ke kewaye shi da garma, kuma hatsin gindinsa ya fi na fili cika.

Akwai zama na biyu, na balbela da shanu. Shanu na tafe suna tayar da fara da ƙwari daga ciyawa, balbela na biye tana cafkewa. Ta ƙaru da su, su ba ta rage su da komai ba. Wannan baƙo ne marar cuta, ko da ba a ce ya kawo wani alheri mai yawa ba.

Sai zama na uku, na kauci da ƙuduji. Kauci ba ya sa saiwa a ƙasa. Tsuntsu ne ke cin 'ya'yansa masu danƙo ya goge bakinsa a reshen kaɗanya, irin ya manne, ya huda ɓawo ya sa bakinsa a jijiyar itacen yana tsotsar ruwanta. Daga nesa sai ka ga reshe ya yi kore da jan fure gwanin kyau, ashe ƙarshen reshen bushewa yake yi. Ƙuduji, wanda wasunmu ke kira wuta-wuta, ya fi shi iya shege. Tushe ɗaya yana zubar da iri dubun dubata, ƙanana kamar ƙura, su kwanta a ƙasa shekara goma ko fiye suna jira. Ba sa tsirowa sai sun ji ƙanshin saiwar dawa ko gero ko masara. Su manne mata a ɓoye, kafin manomi ya ga furen nan mai ruwan hoda a sarari, ɓarnar ta riga ta yi nisa. Kuma kowane manomi zai gaya muku ƙuduji ya fi ƙarfi a gonar da ta gaji. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

A nan mu ɗan tsaya mu dubi kanmu, ba gawayi kaɗai ba. Wanda ke jira sai watan Agusta, rumbu ya yi ƙasa, yaro na kwance da zazzaɓi, sannan ya zo wa manomi da kuɗin buhu ɗaya a kan zai karɓi biyu da kaka, da wa ya yi kama? Ya ji ƙanshin gajiya ne ya tsiro. Wanda ke saye da babban mudu ya sayar da ƙarami, da wa ya yi kama? Ba mu kama sunan kowa ba, mu ma da muke rubutun nan ba mu wanke kanmu ba.

Tsakanin waɗannan akwai wani tsuntsu da muke ganin ya fi kowa kama da ɗan kasuwa, wato carki. Yana hawa bayan sa yana cire masa kaska, idan ya hango abin tsoro ya yi kuka ya faɗakar. Alheri ke nan. Amma carkin nan dai, idan ya samu gyambo a jikin sa, sai ya zauna yana tsattsagarsa yana shan jini, ya hana shi warkewa. Makiyaya sun san wannan, masu bincike ma sun tabbatar. Tsuntsu ɗaya, baki ɗaya, yau likita gobe macuci, ya danganta da inda ya sa bakin. Haka muke. Mu ne muke kawo gishiri da atamfa da maganin feshi ƙauyen da mota ba ta shiga, mu ne muke ba tsohuwa kuɗi a hannu ranar da ta kawo ƙwararta. Kuma mu ne dai muke iya samun gyambon talauci mu zauna a kansa. Bambancinmu da carki shi ne, shi ba a ba shi zaɓi ba, mu an ba mu.

Wani zai ce, to, in an sare kaɗanya ai itace ɗaya ne cikin dubu, dajin ba zai ji ba. Mu ɗauki darasi daga ungulu. Waɗanda suka manyanta a cikinmu sun tuna lokacin da babu mahautar da za ka je ba ka ga ungulaye sun yi layi a kan katanga ba. Yau yaushe rabonmu da ganin ko guda? An ƙarar da su da guba da farauta, ana kai kawunansu kasuwar masu tsibbu, har a shekarar 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa irin ungulun nan ta gari a jerin masu dab da ƙarewa. Tsuntsu ne da ba wanda ke so, amma cikinta yana da tsamin da ke kashe ƙwayoyin cutar da ke cikin mushe. A ƙasar Indiya an ga abin da rashinta ke jawowa. Daga farkon shekarun 1990 ungulayensu suka fara mutuwa, cikin shekara goma sha wani abu fiye da kashi 95 cikin ɗari suka tafi. Sai a 2004 aka tabbatar da dalili: maganin ciwon jiki ne, diklofenak, wannan da muke gani a kemis, ake yi wa shanu allurarsa, ungulu ta ci mushen ƙodarta ta lalace. An hana ba dabbobi shi a 2006, amma kafin nan mushe ya cika bayan gari yana ruɓewa, karnukan sake suka yi yawa, ciwon haukan kare ya ƙaru, ruwan sha ya gurɓata. Wani bincike da aka wallafa a 2024 ya ƙiyasta cewa rashin ungulun ya jawo ƙarin mutuwar mutane kusan rabin miliyan tsakanin 2000 da 2005. Babu wanda ya yi niyyar kashe kowa. Mai saniya jinyar saniyarsa yake yi, mai kemis cinikinsa yake yi, an taya an sallama an biya. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Kaɗanya kuwa ta fi ungulu masu dogaro da ita. Takan yi shekara 15 zuwa 20 kafin ta fara 'ya'ya, ba ta cika ƙarfinta sai ta doshi 40, kuma tana iya haura shekara 200 a tsaye. Galibin waɗanda muke gani ba shuka su aka yi ba, tsirowa suka yi kakannin masu gari suka bar su, suka yi ta kewaye su da fartanya. Najeriya ce kan gaba a duniya wajen ƙwarar kaɗe, jihar Neja kuma tana sahun gaba a cikin gida, har a watan Agustan 2025 gwamnatin tarayya ta dakatar da fitar da ɗanyar ƙwara waje na wata shida don a riƙa sarrafa ta a nan. Wannan itacen da duniya ke nema, shi ne ake kayarwa da hantsi a mayar da shi 'yan buhunan gawayi da za su ƙone a murhun birni cikin 'yan makonni. A harshenmu na kasuwa, wannan sunansa cin uwar kuɗi. Yaron shagon da ya yi mana haka da jari, ba zai kwana a shagon ba. Mun kuma ga yadda aka yi da maɗobiya, wadda masu katako ke kira madrid: cikin 'yan shekaru aka kwashe manyanta zuwa ƙasar Sin, har aka sa ta ƙarƙashin dokar cinikin duniya a 2017, aka dakatar da fitar da ita daga Najeriya a 2018. Masu sayen sun naɗe tabarmarsu sun yi gaba, makiyayan da ke sassabo ganyenta su ba shanu da bazara su aka bari da kututture.

Yanzu mu yi wa ɗan'uwanmu mai gawayi adalci, don yana da hujjojin da ba na wasa ba. Na farko, tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 komai ya yi tsada, gas da kananzir sun fi ƙarfin talaka, matan birni da yawa sun koma gawayi. Dole a dafa abinci. Na biyu, shi ma iyali gare shi, kuma wannan sana'ar ya iya. Na uku, zai ce in bai saya ba wani zai saya, kuma masu sarewar ai 'ya'yan masu ƙasar ne, su suka ga dama.

Biyun farko mun karɓa, shi ya sa ba mu ce a daina gawayi ba. Itace iri-iri ne. Akwai busasshe, akwai wanda in an sassabe reshensa yake tohowa, akwai wanda ba ya ciyar da kowa. Masu harkar da kansu suna gaya mana cewa daga nauyi da zanen ɓawo suna gane gawayin kaɗanya a cikin buhu, don shi ya fi kuɗi. Wanda ya iya gane shi don ya ƙara masa farashi, ya iya gane shi don ya ce ba ya so.

Ta ukun ce ba mu karɓa ba. Gatari kuɗi yake bi. Saurayin da ke shiga daji da asuba ba ƙiyayyar kaɗanya ke kai shi ba, ya san akwai mai jira da kuɗi a bakin titi ne. Mu nawa ne masu sayen a wannan yanki? Mun san juna, sahu ɗaya muke tsayawa. Idan goma daga cikinmu suka haɗa baki, labari zai kai daji kafin kasuwa ta zagayo. Cewa kuma 'ya'yan gari ne ke sarewa, ai ita ma kaɗanyar da jijiyarta take shayar da kauci, wannan bai wanke kauci ba. Yunwar wata ɗaya ce ke sa mutum sayar da abincin shekara hamsin, kuma mai sayen ya fi shi sanin haka.

Akwai dalilin da ya sa nauyin ya fi hawa kanmu, shi ne don mu baƙi ne. Zugurma tsohon gari ne, yana nan tun kafin Umaru Nagwamatse, jikan Shehu, ya kafa Kwantagora. Mun zo mun tarar da Nufawa da Kambari da Fulani da sauran masu ƙasa. Wasunmu fatauci ya kawo kakanninsu, wasu farin 1973 da na 1984 ya koro iyayensu daga arewa, wasu kuma rashin tsaron shekarun nan. Aka ba mu wurin kafa rumfa, aka ba mu gona, aka ba mu filin wannan masallaci. Kauci duk sharrinsa, ranar da itacen ya mutu shi ma ya mutu. Mutum ne kaɗai ke iya tsotse wuri ya ɗaure kayansa ya koma wani dajin, ya bar tsohuwa da kwandonta. Ana cewa baƙo raɓa ne, to amma mu raɓar da ta kwana arba'in ce. An haifi 'ya'yanmu a nan, iyayenmu suna kwance a maƙabartar nan. Kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya: ranar da masu gari suka zauna lissafin abin da suka rasa, ba za su ce wane ɗan wane ne ya saya ba. Cewa za su yi Hausawa ne suka cinye dajin. Mai sayar da goro da malamin allo da matar da ba ta taɓa ganin ramin gawayi ba, duk da su za a haɗa. Mun ga garuruwan da zaman shekara ɗari ya lalace a kan abin da bai kai wannan ba.

Kada kuma wani ya ce an makara. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da ke cikin wannan jama'a shaida ne. A farkon shekarun 1980 gonakinsu sun zama fili fetal, iska na binne shuka da rairayi. Sai manoma suka fara abin da suke kira sassabin zamani: maimakon a ƙone duk tohon da ya fito daga tsohon kututture, sai a zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi a gyara su a bar su su girma. Babu ban ruwa, babu sayen dashe. Bayan shekara ashirin da wani abu, aka ƙiyasta itatuwa wajen miliyan 200 sun dawo a kan hekta kusan miliyan 5 a kudancin Nijar, gawo na kan gaba. Suna samun itacen girki daga sassabe, itacen kuma yana tsaye. Inda ruwan sama bai kai rabin namu ba ke nan. Ita ma kaɗanya tana toho daga kututture idan wuta da gatari suka ƙyale ta.

Saboda haka ga abin da muke roƙon a zo a tattauna ranar Lahadi bayan La'asar, a nan harabar masallaci. Masu harkar gawayi su duba ko za su iya haɗa baki su daina karɓar na kaɗanya da ɗorawa, su kuma sanar da masu kawo musu tun kafin rani ya shiga. Waɗanda aka ba aron gona su bar tohon itatuwan da suka tarar, kada a mayar wa mai ƙasa gonarsa tsirara. Masu sayen zuma su fifita ta amya a kan wadda aka ƙone gidanta. Kada ɗanmu ya sa hannu a cinikin ungulu komai kuɗin da aka taya. Masu ba manoma kuɗi kafin kaka su zo mu zauna da malam a ji yadda za a yi shi ba tare da an zauna a kan gyambon kowa ba. Bayan mun daidaita a tsakaninmu, sai dattawanmu su je su gai da masu gari su gaya musu abin da muka yanke, don su ji daga bakinmu. Iyayenmu mata masu sayen man kaɗe da kalwa, ku kuka fi mu jin abin da matan gari ke faɗa, ku aiko da naku ta hannun mazajenku ko 'ya'yanku, za a karanta a wurin.

Ɗan'uwanmu matashi, mun san za ka karanta wannan. Ba mu rubuta don mu kunyata ka ba, tambayarka ce ta sa mu tunani, kuma mun gode. Ka zo ranar Lahadi da lissafinka, ka nuna mana abin da za ka rasa idan ka bar gawayin kaɗanya, mu ga yadda jama'a za ta taya ka ɗauka. Shi kuma Baba ya yi alkawarin zai gaya wa tsohuwar nan cewa maganarta ta iso inda ta aike ta.

Allah ya sa mu zama baƙin da ake kewayewa da garma kamar gawo. Allah ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, ya sa albarka a kasuwancinmu, ya jiƙan magabatanmu. Wassalamu alaikum.

Sakataren masallaci, a madadin kwamiti.